Daga akwatin murjani a Abuja zuwa kwamin tarwaɗa a Azare: Makonni shida da ke cinye jarin sabon mai kiwon kifi

Sha'awa iri biyu kan kama ma'aikacin gwamnatin tarayya idan ya yi nisa a aiki, kuma dukkansu kifi ne a tsakiyarsu. Ta farko ta ado ce: akwatin gilashi cike da ruwa garai-garai a falon gida ko a ɗakin jiran baƙi na ofis, kifaye masu launi suna kai da komo. Wanda tafiye-tafiyen aiki suka kai shi Dubai ko Landan yakan zarce nan, ya ce shi na ruwan gishiri yake so, mai murjani a ciki kamar yadda yake a ƙarƙashin teku. Ta biyu kuwa ta neman abin dogaro ce: kwamin tarwaɗa a bayan gida can garinsu, wanda zai riƙe iyali ranar da albashi ya tsaya.

Ga 'yan ƙasar Katagum da ke aiki a Abuja, sha'awa ta biyun tana da dalili. Yankin ya daɗe yana ba gwamnatin tarayya ma'aikata, tun daga Alhaji Sule Katagum da ya shugabanci Hukumar Kula da Ma'aikatan Tarayya, zuwa Alhaji Aminu Saleh da Alhaji Mahmud Yayale Ahmed, waɗanda kowannensu ya riƙe muƙamin Sakataren Gwamnatin Tarayya. A bayan waɗannan sunaye akwai ɗimbin daraktoci, akantoci, akawuna da hadiman 'yan siyasa. Ma'aikaci ya san shekara 60 da haihuwa ko 35 a bakin aiki na jiran sa. Hadimi ya san wa'adinsa na ɗaure da na maigidansa. Sannan Jadawali na Biyar na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya hana jami'in gwamnati mai cikakken aiki gudanar da kasuwanci na ƙashin kansa, amma ya bar masa ƙofar noma a buɗe, kiwon kifi kuwa cikin harkokin noma ake lissafa shi.

Kasuwa ma tana nan. Alƙaluman da hukumomin tarayya suka saba ambatawa sun nuna Najeriya na buƙatar kimanin tan miliyan 3.6 na kifi a shekara, abin da ake samarwa a gida kuwa bai kai rabin haka ba, duk da cewa ƙasar ce kan gaba a duniya wajen kiwon tarwaɗar Afirka.

Sai dai akwatin ado da kwamin kasuwa suna da tarko guda. A makonnin farko, tun ruwa na sabo kuma mai shi na cikin ɗoki, kifi kan fara mutuwa ɗaya bayan ɗaya, ko a wayi gari a tarar da su duka a saman ruwa. Akan ɗora laifin a kan mai sayar da iri, ko yaron da ke kula da wurin, ko bakin mutane. Amma ruwa ba ya tsami banza. Mafi yawan wannan mutuwa daga ruwan take tasowa, domin an zuba kifi a cikinsa tun bai isa ɗaukar rai ba.

Abin da kogi ke yi kyauta

Mutanen ƙasar Katagum ba baƙin kifi ba ne. Kogin Jama'are, wanda ake kira Bunga a sassansa na sama, yana tasowa daga tsaunukan Jos, ya ratsa arewacin Jihar Bauchi, ya bi ta gefen garin Katagum, hedikwatar Ƙaramar Hukumar Zaki, kafin ya haɗu da Kogin Haɗeja a dausayin Haɗeja da Nguru, su zama Komadugu Yobe mai gangarawa Tafkin Chadi. A bakin wannan kogi Malam Ibrahim Zaki ya kafa garin Katagum a 1814, kuma can fadar masarautar take har zuwa 1916 da aka mayar da ita Azare.

Duk damina kogin kan cika ya malala cikin fadamu, kifi ya bi shi ya yi ƙwai a cikin ciyawa. Idan ruwa ya fara janyewa, masunta su shiga da koma, taru da gora, su fito da tarwaɗa, karfasa, ƙurungu da gaiwa. Wanda ya tashi yana ganin gaiwa ta yi watanni a cikin busasshen taɓo ba ta mutu ba, ko tarwaɗa ta kwana a daro da ɗan ruwa kaɗan, ba abin mamaki ba ne ya ɗauka kifi rai tara gare shi.

Su daban, kiwo daban. A kogi kowane kifi yana da dubban litocin ruwa mai gudu, ga ciyayi da laka da ƙananan halittu suna tsotse duk ƙazantar da ya fitar. Wannan hidima kyauta kogi ke yin ta, shi ya sa ba wanda ke lura da ita. Ranar da aka ɗauke kifi aka sa shi a gilashi, siminti ko tamfol, hidimar gaba ɗaya ta dawo wuyan mai shi. Azare kuma ba a bakin kogi take ba. Kwamin da aka gina a cikin gari da rijiyar burtsatse ya dogara, rijiyar kuma da wuta, man fetur ko sola.

Gubar da ido ba ya gani

Kifi na ci, yana fitar da wani sinadari da ake kira amoniya, galibi ta gaɓar numfashinsa da ke gefen kai. Ragowar abinci da kashi ma idan suka ruɓe amoniya suke zama. Masana kiwon kifi na ƙiyasta cewa kowane kilo ɗaya na abinci yana haifar da kusan giram 30 na wannan sinadari. Ba shi da launi, don haka ruwa na iya zama tas a ido alhali guba ce zalla. Yana ƙona gaɓar numfashi, ya hana kifi ci, sannan ya kashe shi.

A ruwan da ya kwana biyu akwai ƙwayoyin bakteriya masu amfani da ke zaune a jikin duwatsu, yashi da matatar ruwa. Kashi na farko yana mayar da amoniya naitirait. Shi ma guba ne, domin yana hana jini ɗaukar iskar oksijin har jinin kifi ya koma launin ƙasa. Kashi na biyu yana mayar da naitirait naitiret, wanda illarsa ba ta da yawa, kuma ana rage shi ta hanyar canza wani ɓangare na ruwan. Masanin kimiyya Sergei Winogradsky ne ya bayyana aikin waɗannan ƙwayoyi wajen shekarar 1890.

Matsalar ita ce ƙwayoyin ba sa saurin yaɗuwa. Kafin su yi yawan da za su riƙe sabon akwati sukan ɗauki mako huɗu zuwa shida. Wanda ya cika akwati ranar Asabar ya zuba kifi goma ranar Lahadi, ya ajiye su ne a ɗakin da ba shi da magudana. Abubuwa biyu kuma na ƙara wa amoniya dafi: zafi, da ruwa mai kanwa-kanwa. A ma'aunin tsami da kanwa da ake kira pH, duk hawa ɗaya, misali daga 7 zuwa 8, yana ninka ɓangaren amoniya mai kisa kusan sau goma. Ruwan teku a kan 8 da 'yan kai yake, sabon siminti kuma yana tura ruwa sama da haka. Nan akwatin murjani da kwamin siminti suka yi tarayya.

Teku a cikin falo

Bahaushe ya san murjani tun zamanin da fatake ke ratso Sahara da shi daga Bahar Rum, amma a matsayin dutsen ado na wuya da hannu ya san shi. A cikin teku murjani dabba ce mai rai, tarin ƙananan halittu masu gina wa kansu gida na alli. A jikin yawancin masu gina tsaunukan ƙarƙashin teku akwai wani gansakuka ɗan mitsitsi da ke sarrafa hasken rana ya ciyar da su. Idan ruwa ya ɗara zafin da suka saba da digiri ɗaya ko biyu na tsawon makonni, sai su kori gansakukan, su yi fari fat, yunwa ta kama su. Haka ta faru da makeken tsaunin murjani na gaɓar Ostareliya a 2016 da 2017. Abin da ya girgiza teku guda, akwatin lita 200 ba zai jure masa ba.

Gaɓar tekun Najeriya ba ta da irin waɗannan tsaunuka, saboda laka da ruwan daɗin da koguna ke kwararowa. Ke nan gishiri, murjani, kifi, fitila da kayan gwaji duk daga waje ake shigo da su, da farashin dala. Murjani mai tauri yana cikin jerin halittun da yarjejeniyar CITES ke sa wa ido, ba a fataucinsa tsakanin ƙasashe sai da takardar izini, kuma jami'in gwamnati ya fi kowa cancantar tambayar wannan takarda. A wasu sassan Indonesiya da Filifin an sha kama masu sumar da kifin ado da gubar sayanaid domin su kama shi da rai, irin wannan kifi kuwa yakan mutu bayan kwanaki a hannun mai saye. Wanda aka ƙyanƙyashe a gidan kiwo ya fi aminci, kamar ɗan kifin nan mai ruwan lemo da farin zane da fim ɗin Finding Nemo na 2003 ya yi wa suna.

Wanda duk da haka ya ɗaura niyya, ga yadda ake farawa. Lita ɗaya ta ruwan teku tana ɗauke da kimanin giram 35 na gishiri, don haka akwatin lita 200 zai ci kusan kilo 7. Gishirin miya ko na Bilma ba ya wannan aiki. Akwai haɗi na musamman mai ɗauke da alli da sauran ma'adinan da murjani ke gini da su. Ruwan da za a dama shi da shi sai wanda na'ura ta tace sarai, domin na famfo yana da kulorin, na rijiya kuma yana da ma'adinan da ke ciyar da gansakuka marar amfani. A babban bokiti ake damawa, a bar shi ya kwana yana juyawa, a auna gishirinsa ya tsaya a kan 1.025 kafin a zuba.

Daga nan sai a jera yashi da duwatsu, a kunna matata da injin motsa ruwa, a jefa ɗan abincin kifi kaɗan ya ruɓe domin ƙwayoyin su sami abin ci. Babu kifi ko ɗaya. Duk bayan kwana biyu ko uku a gwada ruwan a rubuta. Amoniya zai hau ya sauka, naitirait ya biyo shi ya hau ya sauka, sannan naitiret ya bayyana. Sai na farko da na biyu sun koma sifili ake sa kifi, su ma ƙanana guda biyu, a ƙara jiran mako biyu ko fiye kafin a ƙara wani. A tsakanin nan wani gansakuka ruwan ƙasa zai lulluɓe gilashi da yashi, kore ya biyo baya. Alama ce ta sabon akwati, tana wucewa da kanta. Mai gaggawa ne ke kwashe komai ya wanke da sabulu, ya kashe ƙwayoyin da ya yi wata guda yana jira. Murjani mai laushi ake fara sawa, mai tauri sai akwati ya yi watanni a daidaice.

Abubuwa huɗu ke wahalar da irin wannan akwati a Arewa. Na farko zafi: murjani na son digiri 24 zuwa 26 dare da rana, alhali a Azare zafin Afrilu kan haura digiri 40 a inuwa. Ko a Abuja, ofishin da ake kashe na'urar sanyaya ɗaki da yammacin Juma'a sai safiyar Litinin ba wurin murjani ba ne. Na biyu wuta: ruwan daɗi mai digiri 20 yana riƙe kusan miligiram 9 na oksijin a lita, mai digiri 30 kusan 7.5, ruwan gishiri kuma ƙasa da haka. Idan injin motsa ruwa ya tsaya, sa'o'i kaɗan sun isa a yi hasara, don haka batir da sola na gaba da sayen kifi. Na uku busasshiyar iskar hunturu: ruwa na tashi sama, gishiri na zama a ƙasa. Lita 10 idan ta ƙafe daga cikin 200, gishirin ya tashi daga 35 zuwa kusan 37. Ruwan daɗi tatacce ake cikewa da shi kullum, ruwan gishiri sai lokacin canza kashi ɗaya cikin goma duk mako ɗaya ko biyu. Na huɗu al'adun gida: maganin sauro na fesawa guba ne mai tsanani ga kifi, hannun da ya sha turare ko mai bai kamata ya shiga ruwan ba, jan ƙarfe kuma ko kaɗan ne yana kashe murjani.

Wanda ya auna waɗannan ya ga ba zai iya ba, bai yi abin kunya ba. Akwatin ruwan daɗi ya fi sauƙi da araha nesa ba kusa ba, kuma Najeriya na da kifayen ado na koguna da ake fitarwa Turai ta Legas. Shi ma dai sai an yi masa haƙurin makonnin farko.

Kwami a bayan gida

Kwamin tarwaɗa na siminti ko tamfol yawanci ba shi da matata, saboda haka ƙwayoyin bakteriya ba za su iya ɗauke nauyinsa ba. Abin da ke fitar da amoniya a nan shi ne zubar da tsohon ruwa a zuba sabo. Tambayar farko ga mai shirin kiwo a Azare, tun kafin a zo batun yawan kifi, ita ce lita nawa rijiyarsa ke iya bayarwa kowace rana a watan Afrilu, da me za a jawo shi idan babu wuta, kuma ina ruwan da aka zubar zai tafi. Idan ya kwanta a lungu, ga wari ga sauro, rigima da maƙwabta ta samu. Idan aka juya shi zuwa lambun zogale, alayyahu ko ayaba, ya zama taki.

Sabon siminti sai an jiƙa shi. A cika shi, a bar shi kwanaki, a zubar, a goge bango, a sake cikawa, a yi ta maimaitawa na tsawon mako biyu zuwa uku ko fiye, har ma'auni ya nuna ruwan ya zauna tsakanin 6.5 da 8.5. Tamfol ma ana wanke shi a jiƙa shi. Ruwan burtsatse yakan fito da ƙarancin oksijin, shi ya sa ake tara shi a tanki ya huta, ko a bar shi ya zubo daga sama yana fantsama. Idan ya yi ja bayan ya sha iska, akwai ƙarfe a cikinsa, sai ya kwanta kafin a yi amfani da shi. Bokitin da aka taɓa dama maganin feshin gona a ciki kada ya kusanci kwami.

Iri shi ne mataki na gaba. Sabon shiga ya fi dacewa da 'ya'yan kifin da suka ɗan tasa, sun wuce tsawon yatsa, ko da sun fi tsada, kuma su zama kai ɗaya. Da sanyin safiya ake ɗauko su. Idan an iso, a sa mazubinsu a cikin ruwan kwami na minti 20 zuwa 30, ana ƙara masa ruwan kwamin kaɗan-kaɗan har zafin ya zo ɗaya, sannan a karkata shi su fita da kansu. Ranar farko ba a ba su abinci. A rufe saman da raga saboda tsuntsaye da sauran masu kai farmaki.

Tarwaɗa na cin 'yar'uwarta. A kowane zubi akwai 'yan kaɗan masu saurin girma da ke haɗiye ƙananan, shi ya sa mutum kan zuba dubu ya kwashe ɗari shida, bai kuwa taɓa ganin gawa ba, sai zargi ya faɗa kan yaron gida. Maganin shi ne a riƙa ware manya daga ƙanana duk mako biyu a watanni biyu na farko. Kwami ɗaya tak bai isa ba ke nan, sai da na biyu.

Tarwaɗa na da wata gaɓa da ke ba ta damar shaƙar iska kai tsaye daga sama. Wannan juriya ce ke yaudarar mai kiwo, domin kifin na iya rayuwa a ruwan da ya lalace, sai dai ba ya girma, yana cin kuɗi a banza, cuta kuma na samun ƙofa. Alamomin a bayyane suke: kifi ya ƙi abinci, ya rataye a saman ruwa kai sama jela ƙasa, kumfa ta taru, wari ya tashi, gashin baki ya fara fari yana gutsurewa. Matakin farko shi ne a dakatar da abinci, a canza wani ɓangare na ruwan a hankali. Ɗan gishiri yana rage illar naitirait, wanda shi ne dalilin da ya sa wannan guba ba ta cika tsanani a ruwan teku ba. Zuba maganin kashe ƙwayoyin cuta ba tare da shawarar likitan dabbobi ko jami'in kifi ba hasara biyu ce: bai gyara ruwan ba, kuma ragowarsa na ƙarewa a cikin mai cin kifin.

Yanayin Katagum yana da nasa hukunci. Tarwaɗa ta fi girma a ruwa mai digiri 26 zuwa 30. A darerakun Disamba da Janairu ruwan kwami kan yi sanyi, kifi ya rage ci, abincin da aka watsa ya nutse ya ruɓe. Lokacin ana rage abinci, a bayar da shi da rana tsaka, a lulluɓe kwami da leda da dare. Sabon shiga gara ya guji zuba ƙananan kifi a tsakiyar hunturu. Da bazara kuwa rumfa ake yi, a bar zurfin ruwa ya kai kusan mita ɗaya. Masu sha'awar haƙa tafkin ƙasa a fadamun Zaki ko Gamawa suna da ribar cewa laka da ciyayi za su taya su tsabtace ruwa, amma su tuna da ambaliya. A daminar 2024 ruwa ya yanke babbar hanyar Kano zuwa Maiduguri a yankin Ƙaramar Hukumar Katagum. Ruwan da ya ci kwalta, gefen tafki ba zai tsayar da shi ba, kifin wata biyar kuma cikin dare ɗaya yake bin kogi.

Lissafin da ake tsallakewa

Kuɗin gini da na iri su ne ƙaramin kaso. Abinci ne ke cinye kashi 60 zuwa 70 cikin ɗari na abin da ake kashewa. A ɗauki misalin kifi 1,000 da ake so kowanne ya kai kilo ɗaya cikin wata biyar zuwa shida. Za su ci tsakanin kilo 1,000 da 1,300 na abinci mai kyau, wato buhu 67 zuwa 87 masu kilo 15. A watan ƙarshe sukan cinye kusan buhu guda a rana, su kuma saki abin da ya kusa rabin kilo na amoniya cikin ruwa kowace rana. Lokacin da aljihu ya fi jin jiki shi ne lokacin da rijiya ma ta fi shan wahala.

Da yawa sukan zuba kuɗin sallama ko bashin ƙungiyar adashin ma'aikata a gini da iri, a wata na uku kuɗin abinci ya ƙare. Kifi ya tsaya cak, a sayar da shi a wulaƙance ga duk dillalin da ya zo. Tsarin da ya fi aminci shi ne mutum ya fara da kifi 200 ko 300, kuɗin abincinsu na zagaye guda a ajiye tun kafin a zuba su, kuma a san mai saye tun da wuri: masu gashi, gidajen abinci, ko masu banda, tunda bandar kifi tana jira, ɗanye ba ya jira. Yana da kyau a kuma lura da lokacin da kifin kogi ke cika kasuwa bayan janyewar ruwa, kada kwasa ta faɗo a kansa.

Kiwo ta waya

Babban rauni na ma'aikacin Abuja shi ne nisa. Tsakaninsa da Azare tafiyar yini ce a mota, kwami kuwa na iya lalacewa tsakanin la'asar da asuba. Wanda aka bar wa amana sau da yawa ƙane ne ko ɗan 'yar'uwa da bai taɓa samun horo ba, kuma kunya ba za ta bar shi ya kira yaya ko kawu ya ce kifi na mutuwa ba sai abin ya gagara. Akwatin ofis ma haka yake, masinja ya ba kifi abinci da safe, sakatare ya ba shi da rana, baƙo ya ƙara masa gutsuren biskit, duk da kyakkyawar niyya.

Abin da ma'aikaci ya saba da shi a ofis shi zai cece shi a nan, wato fayil. Littafi guda a gefen kwami, a rubuta kwanan wata, nauyin abincin da aka bayar, yawan ruwan da aka canza, zafin ruwa safe da yamma, sakamakon gwaji, da adadin da ya mutu. A ɗauki hoton shafin a aiko ta WhatsApp kowane dare. Kayan gwajin amoniya da na pH ba su kai kuɗin 'yan buhunan abinci ba. Mutum ɗaya ne zai riƙa ciyarwa, da awo. A koya masa aikin sosai, a biya shi haƙƙinsa a kan kari, a ware masa kaso a ribar kwasa, a kuma tabbatar masa cewa kawo mummunan labari da wuri ba laifi ba ne. Hutun shekara kuma a daidaita shi da lokacin zubi, mai dukiya ya zama yana nan a makonnin da suka fi haɗari.

Wuraren neman ilimi suna nan. Akwai Cibiyar Binciken Kifin Ruwan Daɗi ta Ƙasa da ke New Bussa a Jihar Neja, da Kwalejin Tarayya ta Fasahar Kiwon Kifi da ke can, da takwararta ta Baga a Jihar Borno. Harkar ruwan gishiri kuma tana hannun Cibiyar Nazarin Teku ta Ƙasa da ke Legas. A jiha akwai jami'an kifi na ma'aikatar gona. Kusa da gida kuma akwai masu kiwo da suka yi zagaye biyar ko shida a cikin Azare, waɗanda sun san halin ruwan unguwa da na kasuwar garin fiye da kowane littafi. Mako guda a gefen kwamin ɗayansu, da hannu a cikin ruwa, ya fi araha a kan darasin da kifi dubu matattu za su koyar.

Ma'aikacin da ya rage masa shekara uku ko huɗu ya ajiye aiki yana da abin da sabon ruwa ya fi buƙata, wato lokaci. Idan ya fara yanzu da ƙaramin kwami, yana da albashin da zai shanye kuskuren zagaye na farko da na biyu. Wanda ya bari sai takardar ritaya ta fito, da kuɗin sallamarsa zai biya kuɗin makaranta, kuma wannan kuɗi sau ɗaya ake bayar da shi.